Abin Da Nake Nufi Da "Yana Ƙoƙari"

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ke auna 'yan ƙwallon kwando na makarantun sakandare yana raba musu taurari.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka da ma'aikatanka, musamman matashin nan mai jar hula da kuka turo Greensboro a watan Yulin bara, ina sanar da kai cewa a makon da ya wuce ɗana ya sa hannu a takardar wata kwaleji da ke nan jihar. Zai yi karatu kyauta, zai kuma buga musu ƙwallo. Hankalina ya kwanta, mahaifiyarsa ta daina kallona ta wutsiyar ido. Da a watan Nuwamba na rubuta wannan wasiƙa, da ba za ta karantu a gaban yara ba. Yanzu kuwa zan iya faɗin abin da ke raina cikin natsuwa, har in haɗa da laifin kaina.

Da Hausa na rubuta, da gangan. Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da Turanci a wata sakandare a Funtuwa kafin in zo ƙasar nan, kuma Turancin nan nawa ne ya kusa raba yaron da rabonsa. Saboda haka na ajiye shi ya huta. Ku nemi mai fassara, akwai mu da yawa a garin nan.

Ga yadda abin ya faru. Yaron shi ne ɗan farina, shekararsa goma sha bakwai. Tsawo ya ɗebo daga dangin uwarsa, don ni in na tsaya kusa da shi a kafaɗarsa nake ƙarewa. Likita na so ya zama, shi kuma ya ga kwando. A watan Yulin baran nan kuka shirya gwaji na kwana biyu a wani ɗakin wasa da ke wajen Sedgefield, na ɗauki hutu a wurin aiki na kai shi. Na hau can layin ƙarshe na kujeru na zauna, kamar yadda na saba. Ana cikin hutun rabin lokaci sai wakilinku mai jar hula ya hauro da kwamfutarsa ta hannu, ya gaishe ni da fara'a, ya tambaye ni ko ni ne mahaifin mai lamba goma sha huɗu. Na ɗaga kai. Ya ce in faɗa masa yadda nake ganin yaron. Na kawar da kai na ce, "He is trying," wato yana ƙoƙari. Ya jira ƙari, bai samu ba. Ya rubuta wani abu, ya yi godiya, ya sauka. Duka-duka ba mu yi minti biyu ba.

Bayan mako uku rahotonku ya fito a shafinku, inda kociyoyin kwaleji ke leƙawa. Kun rage masa tauraro ɗaya daga ukun da yake da su. A kan abin da ke cikin rahoton nake son mu yi magana.

Na ɗaya. Kun ce yaron ɗanye ne, sai an yi aiki a kansa shekara ɗaya ko biyu. Da na fara karanta kalmar na ji haushi, don a wurinmu nama ake ce wa ɗanye. Amma da na huce na ga gaskiyarku. Hannunsa na hagu kamar na aro ne. Idan aka ba shi jifan kyauta, ni kaina ƙasa nake kallo har sai na ji ihu ko na ji shiru. Kun ce yana da dogon hannu, yana tsare gida, yana cafe duk ƙwallon da ta dawo daga kwando. Nan ma kun yi daidai. Duk abin da ma'auni da agogo za su iya aunawa, kun auna shi da kyau, kuma yabon gwani ya zama dole.

Na biyu. Kun rubuta cewa ba ya kallon koci a ido idan ana yi masa magana, wai alamar ba ya karɓar gyara, ko kuma ba shi da ƙwarin zuciya. Ranka ya daɗe, shekara goma sha bakwai muka yi ni da uwarsa muna koya masa wannan sunkuyar da kai. A gidan da na tashi, yaron da ya zuba wa babba ido ana yi masa faɗa, to ya nemi mari ne. Abin da wakilinku ya gani ya kira taurin kai, shi ne mafi tsadar abin da muka ba yaron nan. Da ya tambayi kocinsa na makaranta, wanda ya shekara uku tare da shi, da ya ji cewa ba a maimaita masa magana sau biyu. Bai tambaya ba.

Na uku, kuma nan ne gizo ke saƙar. A ƙasan rahoton akwai layi guda da ke cewa mahaifin yaron kansa ba shi da tabbas a kansa, ya zauna nesa, bai tafa ba, bai ko ambaci sunansa ba, don haka a yi hattara da batun goyon bayan gida.

Kowane abu a cikin layin nan ya faru. Ma'anar da aka ba shi ce babu ko ɗaya.

A wurinmu mutum ba ya kiran sunan ɗan farinsa. Ba ya yabonsa a gaban mutane, ba ya rungumarsa a fili. Kunya muke ce mata, kuma ba ƙiyayya ba ce, akasinta ce. Mahaifina, da yake ni ne ɗan farinsa, har ya koma ga Allah "kai" yake ce mini, ko "wannan". Ga kuma tsoron baki, don mun yarda yawan yabo na iya karya abu yana tsaye. Amma babbar matsalar ita ce kalmar da na furta. A Turancin Najeriya, idan aka ce mutum yana "trying", an yaba masa ne. Malami zai duba jarrabawar ɗalibin da ya zo na ɗaya ya ce ya yi ƙoƙari. Mace za ta dafa abincin da za a lashe kwano, mijinta ya ce ta yi ƙoƙari. Ni a ranar, da na faɗi wannan kalma, har na ji na yi zaƙewa. Na koma gida ina istigfari don na yabi ɗan fari a gaban baƙo. Ashe a kunnen ɗan ƙasar nan abin da na ce shi ne: yaron dai ba ya iyawa, amma yana wahalar da kansa.

Shekarata goma sha huɗu a ƙasar nan, na karanta littattafansu fiye da yawancin maƙwabtana, ban taɓa lura da wannan ba. Baki shi ke yanka wuya.

Na huɗu, abin da rahoton ya jawo. Kafin fitowarsa akwai kocin wata ƙaramar kwaleji, tafiyar awa ɗaya da rabi daga nan, da ke kiran yaron kusan kowane mako. Bayan fitowarsa wayar ta yi shiru. Satumba ta wuce, Oktoba ta wuce. Ni dai na ga tuwon da ake zuba wa yaron yana dawowa da saura, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin gidan. Ni ban ma san da rahoton ba, don ba na shiga shafinku. Wata Asabar ina mayar da shi gida daga atisaye, mun tsaya a danja a kan titin Elm, sai ya ce da Turanci, yana kallon taga, "Baba, me ka ce musu ne a kaina?" Na ce alheri na faɗa. Ya ce to.

Wadda ta warware mana ita ce Anti Rifkatu, ƙawar matata, 'yar Kaltungo, ma'aikaciyar jinya, wadda 'yarta ta riga ta bi irin wannan hanya a wasan gudu. Ta zo gidanmu ran Lahadi bayan ta taso daga coci, matata ta nuna mata rahoton a waya. Ta karanta, ta tambaye ni ainihin abin da na ce. Da na faɗa mata, sai da ta ajiye kofin shayinta don dariya. Sannan ta share hawaye ta ce, "Malam, kai da ka koyar da Turanci? Nan ƙasar in ba ka ce ɗanka ya fi kowa ba, cewa za su yi ka san wani abu ne kake ɓoyewa. Ka tashi ka je ka gyara ɓarnarka, kunyar nan ka bar ta a mota." Kallon da matata ta yi mini ya wadatar.

Na nemi ganin kocin kwalejin nan, ya ba ni ranar Laraba. Na rubuta abin da zan faɗa a takarda, don na san in na dogara da bakina zai gudu ya bar ni. Na shiga ofishinsa, dattijo ne fari mai furfura, na zauna, na buɗe takardar. Na kira sunan yaron, cikakke. Na ce yana tashi kafin asuba ya yi gudu ba tare da an tashe shi ba. Na ce tun yana aji tara bai taɓa kawo sakamakon da ya sa na ɓata rai ba. Na ce shi ke koya wa ƙannensa lissafi, kuma ban taɓa jin ya ɗora wa abokin wasa laifin faɗuwa ba. Na ce ina alfahari da shi. Ana sanyi a ranar, amma rigata ta jiƙe sharkaf. Na taɓa tsayawa gaban jami'in ba da biza, ban ji abin da na ji a kujerar nan ba.

Kocin ya saurare ni har na gama, sannan na bayyana masa batun kalmar da batun kunya. Ya jingina da kujera ya yi murmushi. Ya ce mahaifinsa manomin taba ne a gabashin jihar nan, kuma ranar da shi kocin ya ci gasar da ta fi kowace girma a rayuwarsa, abin da tsohon ya ce masa kawai shi ne ba laifi, sannan ya tambaye shi ko ya ba shanu ruwa. Ya ce shi ya san irin wannan uban, bai dai san ana yin su a Afirka ba.

Ba zan ce jawabina ne ya ba yaron gurbi ba, don kocin ba yaro ba ne. Abin da ya yi shi ne ya nemi bidiyon wasanni uku cikakku, ba guntayen da ake tsinto masu kyau ba. Ya zo da kansa ya kalli wasa biyu a watan Disamba. Ya kira kocin makaranta suka yi doguwar magana. Sannan ya ce zai ɗauke shi, da sharaɗin shekarar farko ba zai buga gasa ba, zai zauna ya yi ƙarfi ya gyara hannun hagu. Wato dai ya yarda da ku cewa ɗanye ne, ya kuma yarda zai nuna. Duk abin da ya yi, ba abin da ya fi ƙarfin kamfaninku.

Ni ma aikina duba inganci ne, a wani kamfanin harhaɗa magunguna. Da zan ɗebi ƙwaya ɗaya in yanke wa buhu hukunci a cikin minti biyu, da tuni an sallame ni. Ku kuwa 'ya'yan mutane kuke aunawa.

Saboda haka ga roƙona. Ku cire layin nan na ƙarshe daga rahoton, don har jiya da na sa aka duba mini yana nan. Tauraron ku riƙe abinku, mun samu abin da muke nema ba tare da shi ba. Ku koya wa wakilanku tambaya ta biyu: idan uba ya ba da amsa gajeriya, a ce masa me kake nufi, matambayi ba ya ɓata. Kada a rubuta komai game da halin yaro ko gidansu sai an ji daga wanda ya zauna da shi fiye da kwana biyu. Kuma kada a hukunta matashin mai jar hula. Yaro ne mai ladabi, abin da ya ji ya rubuta, kuma a iya saninsa ya yi ƙoƙari. Da ma'anarmu nake nufi.

Ga 'yan'uwana iyaye da za su ga wannan wasiƙa kafin ta kai ga mai ita, daga Kano kuke ko Jos ko Maraɗi: ban ce ku zubar da kunya ba, ni ma ban zubar ba. Daga ofishin nan na fito na koma ce masa "kai". Amma akwai yaranmu da yawa masu tasowa a filayen nan, dogaye masu sunkuyar da kai, kuma akwai ranar da baƙo zai hauro ya tambaye ku. Ranar ku daure ku buɗe baki. Minti biyu ne, ba a mutuwa, na gwada.

Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara wa kamfaninku albarka, ya ba ma'aikatanka ido mai gani da kunne mai haƙuri, ya tsare ku daga zaluntar wani bisa rashin sani. Allah ya raya maka zuriya, ya ba ka ɗan da za ka ji nauyin yabonsa saboda yawan abin yabon.

Wassalam.

Naka,
Mahaifin mai lamba goma sha huɗu,
Greensboro.