Na saka kirak, littafin Kawu Malam ya rufe

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana uku ke nan ba na iya cin abinci sosai.

Ni ɗalibi ne, ba mai yawan magana ba. Ina da kawu a Kibiya, malami ne, idonsa ya yi rauni har ba ya iya rubutu. Wata bakwai ke nan duk Asabar nake hawa mashin daga Rano in je wurinsa bayan la'asar, yana faɗa ina bugawa a laftof ɗina, littafi ne kan hukuncin ciniki da amana. Babu shi a takarda, daga bakinsa yake fitowa. Kowane babi na ba shi lamba, kuma ina ajiye kwafi a filash.

To sai manhajar da nake rubutu da ita ta fara cewa lasisinta ya ƙare, ta hana ni gyara ko harafi ɗaya. Na kai wa wani mai gyaran waya a kasuwar Rano, ya ce kirak zai saka mini, wato abin da ke buɗe ta ba tare da an saya ba. Na ce masa ba sata ba ce wannan? Ya yi dariya ya ce Ustaz, ai kowa haka yake yi. Ya saka kirak ɗin, ya kashe antibayiros mai kare laftof daga cuta, ya ce kada in ƙara kunna shi. Raina bai so ba, amma kunya ta hana ni musu.

Sati biyu komai lafiya. Ranar Talata na kunna, babu fayil ɗin da yake buɗuwa, duk sunayensu sun canza, ga wani saƙo da Turanci wai sai na biya kafin a sake su. Filash ɗin ma yana jiki a lokacin, shi ma ya tafi. Na koma wurin mai gyaran, ya ce shi bai san zancen ba, wataƙila ni na shiga inda bai dace ba. Ni da ko wasa ba na sakawa a laftof ɗin nan! Har muka ɗaga murya mutane suka taru, na tafi.

Abin da ya fi damuna, tun ranar farko Kawu ya dafa laftof ɗin ya tambaye ni ko babu haƙƙin kowa a cikinta, na ce babu. Jiya kuma ya aiko cewa ranar Asabar in karanta masa babin amana, akwai inda yake son gyarawa.

Masana kwamfuta, akwai hanyar dawo da fayilolin? In kuma babu, in ce wa Kawu cuta ce kawai ta kama na'urar, ko in faɗa masa ni na buɗe mata ƙofa? Asabar jibi ce.