Rawar Amarya a Wayoyi Goma Sha Ɗaya

Hillar Bilyamin, kusa da Hasahisa
Asabar, 5 ga Nuwamba, 2016

Yaya Lukman,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Aishatu da yara. Iyakar gaisuwar ke nan, ba ni da zuciyar tsawaita ta.

Jiya da hantsi muna shan jabana, gahawar nan tamu, a gidan maƙwabciyata Asabe, sai ta ja ni bayan ɗaki ta miƙo mini wayar mijinta Usmanu. Ta ce hoton takardar gonarsu take nema ta ci karo da ni. Ni ce, Yaya, kaina ba ɗankwali, cikin jan kayan nan, ina rawar amarya. Rawar da aka rufe ƙofa dominta, aka karɓe wayoyin mata a zaure, ba namijin da ya gani sai mijina Ali. Wayata kaɗai aka bari, matarka ta ɗauka mini bidiyo da ita.

Ranar da ka saka mini ma'ajiyar intanet a shagonka, ka ce kamar ɗakin ƙarfe ne mai makulli ɗaya, kuma makullin yana hannuna. Shi ya sa da wayata ta faɗa tur'a, magudanar ruwan gonaki, ina ɗiban ruwa ban yi kuka ba. To ta ina Usmanu ya shiga?

Na karanta littattafai iya karantawa, na ga inda maƙiyi ke tona asirin mace. Ban taɓa ganin inda yayanta uwa ɗaya uba ɗaya ya yi ba.

Ali yana Abu Na'ama wurin yankan riɗi, sai Asabar mai zuwa zai dawo. Ka goge abin nan kafin ya ji a bakin wani. Ka ba direban da ya kawo maka wannan takarda amsa.

Ƙanwarka,
Hadizatu

*

Kasuwar Sinnar
Litinin

Zuwa ga ƙanwata Hadizatu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, takardarki ta iso, na kuma karanta ta a tsanake. Ina roƙon ki karanta tawa haka.

Ban yi miki ƙarya ba. Lokacin da na buɗe miki, wurin naki ne ke kaɗai, kuma kyauta. Watanni huɗu da suka wuce kamfanin ya aiko da sanarwa cewa ya rage wurin kyauta zuwa kashi ɗaya cikin uku, wanda kayansa suka haura kuma ko ya biya ko a share masa. Kin san katin bankinmu na nan ba ya aiki a wurinsu. Na duba wasu kamfanoni biyu. Ɗaya ba ya buɗewa daga Sudan gaba ɗaya. Ɗayan yana da arha, amma bara ya rufe wani sashensa mutane suka yi asarar kaya, ban yarda da shi ba.

Ban da ke, gida goma sha ɗaya na ƙauyenmu ni na buɗe musu. Takardun gona, shaidar makaranta, hotunan waɗanda suka rasu. Ɗanjuma ɗan Kawu da ke Saudiyya ya yarda ya biya wuri guda babba da katinsa, sai na kwashe na kowa na zuba ciki, kowane gida da sunansa a jikin nasa, kalmar sirri ɗaya. Na gargaɗe su kowa ya tsaya a nasa. Da ban yi haka ba, da yau ba ki da komai.

Canza kalmar sirri ba ya hannuna. Sun fito da sabuwar doka, sai da lambar da za su tura wa wayar Ɗanjuma, shi kuwa yana jeji wurin raƙuman maigidansa, ba a samun sa.

Ki yi haƙuri na ɗan lokaci, ina neman hanya.

Yayanki,
Lukman

*

Hillar Bilyamin
Talata

Yaya,

Salam. Na ga takardarka mai kyan rubutu.

Ka gargaɗe su. Ka tara maza goma sha ɗaya a ɗaki guda da akwatunan matansu a buɗe, ka ce kowa ya kalli bango. Kai da ka girma a garin nan, ka san Usmanu ko buhun wani ya gani a gefen hanya sai ya matsa ya ji me ke ciki.

Kuma wata huɗu! Ka zo da sallah, ka ci naman gidana, ka gyara wa Ali rediyo, ba ka buɗe baki ba. Da ka tambaye ni, da na ce a zuba mini a ƙaramin katin waya in ɗaure a bakin zane. Ka auna kamfani uku da arharsu da tsadarsu, ba ka ga ya kamata ka tambayi mai kayan ba.

Yau na je injin niƙa, mata biyu suka yi shiru da na shigo. Wataƙila zancen tsadar sukari suke yi. Ban sani ba, kuma rashin sanin ne ke cin raina. Duk namijin da ya sunkuyar da kai a hanya sai in ce ya gani. Asabe ta rantse mini mijinta bai buɗe ba, amma Asabe ko mijinta ya ƙone rumbu za ta ce iska ce.

Ban tambaye ka kalmar sirri ba. Cewa na yi ka goge. Na tambayi malamar makarantarmu, ta ce duk wanda ke da shiga yana iya gogewa cikin minti ɗaya, har Usmanu. Ni dai ba zan roƙi Usmanu ya nemo ni a wayarsa ba. Kana da yatsa. Wace hanya kake nema?

Hadizatu

*

Sinnar
Alhamis

Dije,

Salam, da fatan kin tashi lafiya. Malamar ta faɗi gaskiya. Minti ɗaya ne, kuma na kasa.

Tun da wayarki ta mutu babu wani kwafi a duniya sai wannan. Kin tuna wanda ya yi miki waƙa a rawar nan? Inna ce. Wata biyar bayan bikin muka binne ta. Ba mu da muryarta a ko'ina, ba ta yarda a ɗauke ta.

Wallahi ban taɓa kallo ba. Ranar da nake kwashe kayan na taɓa shi bisa kuskure, muryarta ta fito, na kife wayar a kan tebur. Tun ranar, kullum da safe kafin in buɗe shago nakan kife ta haka in saurara. Akwai inda ta tsaya tsakiyar waƙa ta ce, "Ɗaga kanki mana, 'yar nan, ba makoki muke ba," mata suka fashe da dariya. Aishatu ta ce a wurin fuskar Inna ta cika hoton, har wushiryarta ana gani.

Abin da nake so shi ne Aishatu ta sauke shi da hannunta, ta yanke inda Inna take, a goge sauran. Amma minti arba'in ne. Sau biyar muna gwadawa layi yana yankewa, sai a koma farko. Akwai ofishin da ke da layi mai ƙarfi, mai shi ya ce ranar Laraba zai bar mu.

Na yi laifi da ban gaya miki ba, na yarda. Ki ba ni zuwa Laraba. Ni ma uwata ce.

Yayanki,
Lukman

*

Hillar Bilyamin
Juma'a

Yaya Lukman,

Salam. Na karanta, na yi kukan da zan yi, kuma fushina bai sauka ba.

Laraba kwana biyar ce, a wayoyi goma sha ɗaya. Inna da ta tsaya a zaure da kanta tana karɓe wayoyin mutane ba za ta ba ka ko yini ɗaya ba.

Ka kife wayar yadda ka saba, ka ajiye wata a gefenta ta ɗauki muryar. Sannan ka goge, yau, kafin ka tafi masallaci. Fuskarta kuwa mu biyu muka san ta, sai mu riƙe abin da muka iya.

Ka aiko mini da nawa kwafin muryar a kati. Ali ni zan gaya masa da bakina gobe.

Ka gaida Aishatu.

Ƙanwarka,
Hadizatu