Ruwan da Na Ba Inabin Baba

Riebeek, 9 ga Maris.

Zuwa ga ƙanwata Willemien,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Cornelis, Ya kuma sassauta masa ciwon gwiwar da iskar Walvis Bay ke tayar masa. Mu nan lafiya, sai dai uwargidana Sarie ta rage gani, ba ta iya ɗinki sai rana ta take.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba mai daɗi ba ne, kuma na fi so ki ji shi daga bakin mai laifin. Kin san yadda ɗanki Tertius ya ɗaga sunan gonar nan cikin shekara tara. Ba ya ba kurangar inabi ruwa, yana cewa sai ta sha wuya take tura saiwa ƙasa ta kawo ɗanɗano. Ba ya zuba wa ruwan inabi komai, a tsofaffin ganguna yake barinsa ya tashi da kansa. Mun yi masa dariya da farko, yau ga baƙi daga ƙasashe suna neman giyar da ya sa wa sunan Baba.

Bana shekara ta uku ke nan ana fama da fari. A Janairu, Tertius ya tafi Cape Town kwana huɗu, ni kuwa na shiga gonar da Baba ya dasa da hannunsa, na ga ganye ya yi laushi kamar tsumma. Zuciyata ta kasa ɗauka. Na ɗauki makullin tankin ruwa, na shayar da ita kwana uku a jere. Sarie ta hana ni, ta ce tsufa ya mayar da ni kaka mai ɗura wa jika abinci har ya yi amai. Ban saurare ta ba.

A lokacin saura mako guda a tsinke inabin. 'Ya'yan suka kumbura suka fashe, ƙudaje da ruɓa suka shiga. Da Tertius ya dawo, ya ɗanɗani ɗaya ya tofar, sannan ya tambaye ni cikin ladabi ko Kawu ya taɓa ganin kakansa, wato Baba, da bokiti a wannan gona. Ban taɓa gani ba, Willemien. Layi biyu na can sama, inda tiyo bai kai ba, su kaɗai suka tsira. Ganga ɗaya tak suka bayar, kuma ban taɓa ɗanɗana mai kyanta ba.

Yanzu ya ce wata gona a Elgin tana kiransa, tun da a nan ba a yarda da hannunsa ba. Yana gaishe ni safe da yamma, amma ya daina cin abinci a teburinmu. In ya tafi, babu mai riƙe gonar, ni na wuce shekara saba'in da biyar. Ba na roƙon ki wanke ni a wurinsa. Ki dai gaya masa ya tsaya, domin ke yake ji.

Ki miƙa gaisuwata ga Cornelis da 'yarki Annelie da 'yan tagwayenta. Sarie tana gaishe ku.

Makullin tankin na ajiye masa a kan gangar nan ɗaya. Yau kwana goma sha ɗaya, kullum da safe ina leƙawa, yana nan inda na bar shi.

Yayanki,
Barend