Hasken Walda a Idon Innarki

Zuwa ga 'yata, Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya da zaman lafiya, Ya tsare ku a inda kuke, Ya raya mana zuriya. Ƙaninki an canza masa wurin aiki, yanzu sai jefi-jefi muke ganinsa, ya zo ya share tukunya ya tafi. Gwaggonki ta samu sauƙin gwiwa, har ta koma zagayen gidaje tana raba shawarar da ba wanda ya nema. Ni kuwa ƙafafuna suna nan yadda kika bar su, sai ma abin da ya ƙaru. Na zaɓi rubutu ne maimakon kiran waya domin duk sanda kika kira innarki tana gefena, kuma abin da zan faɗa miki ita ta hana a faɗa.

Kin san tun da kamfani ya rufe aka sallame mu, yaran da na koya wa riƙe sufana suka zama manyan da ba sa gane ni a hanya, ba abin da ya rage mini sai garejin gidan nan da injin waldar alminiyom. Takardun shaidar da na kwashe ƙuruciyata ina tarawa suna cikin akwati, kyankyasai ne kaɗai ke karanta su. Makanikai na kawo mini lagireto da ya tsage, ko kaskon man inji da dutse ya fasa, ko kwandon giyar mota, domin waldar bakin titi ba ta iya alminiyom. Shi ƙarfen nan munafuki ne, ba ya yin ja ya gargaɗe ka kamar baƙin ƙarfe. Kana cikin aiki sai ka ga ya yi sheƙi, kafin ka ƙifta ya zube ya bar maka rami. Don haka hannu ɗaya na riƙe da tocin walda, ɗaya na tura sandar ciko, ƙafa kuma na kan feda tana ƙara wuta tana ragewa. Da ƙafafun suka fara rawa, sai na koma ina huda kayan mutane. Akwai wani makanike da muke ce wa Dogo, ya ɗauki lagiretonsa ya duba ramin da na yi, ya ce ai shi walda ya kawo, bai ce a buɗe masa taga ba. Na yi dariya tare da shi, na shiga gida ban iya cin abinci ba.

Innarki ce ta kawo dabarar. Ta ce tunda ta yi shekara da shekaru tana taka keken ɗinki, wannan 'yar fedar ba za ta gagare ta ba. Lokacin ba a daɗe da yi mata aikin yanar ido ba, wanda kika tsaya tsayin daka sai da aka yi. Likita ta ce ta guji ƙura da hayaƙi da haske mai ƙarfi har idon ya warke sarai, a gabana aka faɗa. Hular walda ɗaya gare ni. Sai na ce ta sa baƙin tabaran da asibiti suka ba ta, ta zauna ta juya mini baya, ina cewa ƙara ko sassauta, tana bi da ƙafa. Ta tambaye ni ko tabaran ya isa, na ce ya isa. Uwata, na san bai isa ba. Wannan darasi ni na riƙa koyar da shi a kamfani. Irin wannan walda ba ta tartsatsi, ba ta hayaƙi sosai, sai 'yar ƙara kamar ta ƙudan zuma, shi ya sa mutum ke raina ta, alhali haskenta ya fi na sauran ƙuna, yana dukan farin bango da jikin alminiyom ya dawo ta gefen tabarau.

Da farko ta bi umarni. Amma kafin in ce sassauta ta ji ta ɗaga ƙafa, zafi ya riga ya wuce kima. Sai wata rana ina kan kaskon mai na ji wutar ta ragu daidai lokacin da nake so, ban buɗe baki ba. Na ɗaga hula na ga ta juyo da kujerarta, tana kallon narkakken wurin. Ta ce ta gane shi, idan ya fara sheƙi yana faɗi kamar mai a kasko, lokacin ne. Abin da ya kamata in yi shi ne in kashe inji in kore ta cikin gida. Sai na dubi layin waldar, ya jeru tsaf kamar ɓawon kifi, irin wanda rabona da shi tun ina da ƙarfina. Na sauke hulata na ce mu ci gaba. Makanikai suka dawo. Dogo da kansa ya ce tsoho ya sake sabon hannu, ban gaya masa ƙafar wa ce ba. Kuma ba zan ɓoye miki ba, rabon da ni da innarki mu yi hira irin ta garejin nan tun kina goye. Tana ce mini injiniyan da ba ya iya taka feda, ina ce mata karen mota, muna dariya. Ina ganin tana goge hawaye da bakin mayafi idan mun tashi, in ce a raina gajiya ce.

Ranar da muka gama kwandon giyar wani direba, washegari ta tashi idanun a kumbure, ta ce kamar an zuba mata yashi. Na hagu ya washe da kansa. Na dama, wanda aka yi wa aiki, ta yi ta murza shi don raɗaɗi har miki ya fito a kansa. A asibiti likita ta tambayi abin da ya faru, innarki ta ce hayaƙin girki ne. Ina tsaye riƙe da jakarta. Sai da muka kwana na koma ni kaɗai na faɗi gaskiya. Likitar ba ta wuce sa'arki ba. Ba ta yi faɗa ba, tambayata kawai ta yi ko na san illar hasken, na ce na sani. Ta canza magani, ta ce idan mikin ya warke ba tabo za ta ci gaba da gani, idan kuwa haske ko ƙura suka sake taɓa shi kafin nan, idon na iya tafiya, kuma wani aikin ba zai dawo da shi ba. Yanzu an rufe shi da auduga, ina ɗiga mata magani, tana mitar ina jiƙa mata kunci.

Abin da nake roƙo shi ne ki zo ki tafi da ita wurinki har idon ya warke. Kada ki turo saƙo, ki zo da kanki, ke kaɗai take jin nauyi. Za ta ce wa zai dafa mini, za ta ce ƙafata, kada ki saurare ta. Kuma ki gaya mata ni na sanar da ke, fushin ya sauka a kaina. Za ki ce me zai hana in rufe garejin kawai ta zauna a ɗakinta. Na rufe, na ma mayar wa Dogo kayansa. Amma jiya ya sake aiko da rim ɗin tayar wata mota, innarki ta ji muryar ɗan aiken, ta ce in ɗaure mata fuska da tawul, ai kunnenta ya riga ya san ƙarar, za ta iya takawa ba ta gani. Na ce a'a. Sai dai kafin in ce a'ar na yi shiru, kuma a cikin shirun nan ina auna inda zan ajiye kujerarta ne. Mutumin da ya yi wannan tunani, matarsa na zaune gabansa da auduga a ido, bai kamata a bar masa amanarta ba. Na san idan ta tafi gidan zai yi mini faɗi, injin kuma ya tashi aiki. Na yarda da hakan.

Ki gaishe da maigidanki Akawu, ki ba shi haƙurin ɗawainiyar da zan ɗora masa. Ki gaida amaryata mai wushirya, ki ce angonta ya tsufa amma bai sake ta ba, da Sarkin Ɓarna ƙaninta. Gwaggonki da ƙaninki suna gaisuwa, su ma hayaƙin girki suka sani. Idan kin tsayar da ranar zuwa, ki kira wayar maƙwabcinmu tela, kada ki kira ta gida. Allah Ya yi miki albarka, Ya kawo ki lafiya.

Ni ne mahaifinki,
Baba