Ɗakin Jego a Gidan Gwaggo Larai

Ƙanƙara

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Hajiya da duk mutanen Sabuwa. Yaya aikin gona da wannan ruwa da ya ƙi ɗaukewa? Tun da aka katse layin waya sai takarda, don haka na ba direban da ke bi ta Faskari ya miƙa maka.

Ni da jaririyarmu Ummi muna nan, amma ba zan ce maka lafiya lau ba. Gwaggo Larai ta sa mu a tsohon ɗakin Kaka, mai ginin ƙasa, wai ya fi ɗumi ga mai jego. Ta toshe tagar da tsumma da buhu don kada sanyi ya shige ni, ga kaskon garwashi, ga tukunyar ruwan wanka tana turiri a ciki safe da yamma. Bangon kuwa zufa yake yi. In ka dafa shi sai hannunka ya taso da yauƙi, baƙi ƙirin. Warin ɗakin irin na tsumman da aka manta a bokiti ne, kuma ya kama zannuwana, ya kama gashina. Ko kunun kanwa na kai baki shi nake ji.

Na yi magana, Gwaggo ta ce a ɗakin nan aka yi jegona, ga ni kuma ban mutu ba. Ranar da 'yan barka za su zo sai ta kafa ƙusa ta rataya sabuwar atamfa a kan fumfunar. Kowa ya shigo ya yaba kwalliya yana toshe hanci a ɓoye.

Ummi ta fara tari. Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Amatullah

Ƙanƙara

Maigida,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na samu saƙonka, na kuma ji ka ce in yi haƙuri har arba'in. Ai haƙuri yana da daɗin faɗa daga Sabuwa, inda kake shaƙar iska son ranka.

Jiya na ja katifa zan share. Wallahi sai da na fita tsakar gida na yi amai. Ƙarƙashinta kore shar, da wani farin gashi kamar na tuwon da ya kwana ya sake kwana, kuma a kan wannan nake kwantar da 'yarka. Hular da Hajiya ta saƙa mata, wadda na ajiye a jaka jikin bango, ta yi ɗigo-ɗigon baƙi, wanki ya ƙi fitar da shi.

Ƙirjin yarinyar yanzu fito yake yi in tana numfashi. Na kai ta asibiti, malamar ta shinshina zanin goyon kawai ta tambaye ni a ina muke kwana. Ta ce a fitar da ita daga ɗakin, ko a buɗe taga a daina dafa ruwa a ciki. Na kawo wa Gwaggo maganar, ta ce sanyi ne ya kama yarinyar, ta ƙara wani buhu a tagar.

Matar nan ita ta raine ni tun rasuwar Inna, ban taɓa ɗaga mata murya ba. Amma tsoro nake ji, kuma ƙyamar ɗakin nan ta kai mini wuya.

Ka gaida Hajiya.

Amatullah

Ƙanƙara

Maigida,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Kada ka ji a bakin wani: na fita daga ɗakin. Na kwashe kayanmu na shanya a rana, na ƙona katifar, muka koma ɗakin ƙanena Adnan mai taga biyu, shi kuma ya koma zaure. Matan unguwa sun yi ta surutu, wai 'yar boko ta raina jegon gidansu. Ban kula su ba. Ummi tana shan nono sosai, fiton ƙirjin ya ragu.

Gwaggo ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Tabarmarta ta ɗauka ta koma cikin ɗakin da kanta, ta ja ƙofa, don ta nuna wa duniya babu abin da ke damunsa. Gaisuwata ma da ƙyar take amsawa. Na roƙe ta, na sa Malam Rabo maƙwabcinmu ya roƙe ta, ta ce ita ba 'yar yau ba ce.

Yanzu da nake rubuta maka, tari nake ji ta bayan ƙofar nan, mai nauyi, tana ƙoƙarin danne shi don kada in ji. Don Allah in hanya ta yi kyau ka zo. Kai suruki ne, tana jin kunyarka, wataƙila in kai ka tsaya a bakin ƙofa ka ce ta fito, ta fito. Ni ta daina jin tawa.

Matarka,
Amatullah