Shafukan da Aka Manne da Gam

Daren Laraba, Yelwa

Yau raina ya ɓaci. Firinsifal ya dawo min da littafin yaƙin nan da nake karanta wa 'yan aji shida, duk ya bi ya manne shafukan gawarwaki da gam. Wai yara ne, ba su isa jin wannan ba.

Na karanta musu abin da ya rage: kaki, fareti, mata na guɗa. Bashiru ya ce, "Malam, ashe yaƙi da daɗi! Soja zan shiga." Hauwa'u, wadda ta gudo daga ƙauyensu a kwalekwale ba tare da babanta ba, ta kifa kai a tebur.

Gobe da reza zan shiga aji in buɗe shafukan nan. In ya so ya kore ni.