Baba ya manta sunana, bai manta sarakunan Ingila ba

Anti Winifred, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana.

Mahaifina ya yi shekara talatin da takwas yana koyar da tarihi a nan Whitby. Mutum ne mai tsanani, har yau tsofaffin ɗalibansa masu furfura sukan gyara tsayuwa in sun gan shi. Kin san tsohon littafin barkwancin nan da yake kwaikwayon littattafan makaranta, yana cakuɗa sarakuna da yaƙe-yaƙe, har da tambayoyin jarrabawa na shirme. Baba ya tsane shi. Duk ɗalibin da ya kama da shi sai ya ƙwace. Bara, muna kwashe kayansa, na iske guda goma sha ɗaya a ƙasan akwati.

Yanzu yana gidan kula da tsofaffi, ciwon mantuwa ya kama shi. Bai san ni ba, nas yake ce mini. Ranar wata Lahadi na kai masa shayi da biskit, hira ta ƙi, sai na buɗe littafin na fara karantawa. Ban gama shafi ba ya ɗaga yatsa ya ce ƙarya ne, yarinya, ki saurara. Anti, mutumin da ba ya iya ɗaura igiyar takalminsa, sai ga shi ya jero sarakuna ɗaya bayan ɗaya, da shekarunsu, da filin dagar da wasunsu suka faɗi. Minti arba'in yana yi, ma'aikata suka tsaya cirko-cirko a bakin ƙofa. Daga nan ya ce in sake karanta shirmen, ya yi ta dariya har da hawaye. Tun da aka haife ni ban taɓa jin dariyarsa haka ba.

To, yayana Clement ya ji labari. Ya ce na mayar da Baba abin kallo da littafin da ya ƙi jini, kuma in ban daina ba, zai sa a hana ni ziyartarsa. Mun daina magana. Shin cin mutuncin mahaifina nake yi?

Ɗiyar Malam, Whitby

Ɗiyar Malam, wasiƙarki ta taɓa ni ƙwarai. Ba cin mutunci kike yi ba. Sai wanda ya san tarihi ciki da waje yake gane inda aka karkatar da shi har ya yi dariya. Kin ba shi kuskure ya gyara, kuma aikinsa ke nan tsawon rayuwarsa.

Amma Clement yana da gaskiyarsa. Mutuncin mahaifinku yake karewa, kuma labari ya ji, bai gani da idonsa ba. Ki riƙa rufe ƙofa, kada a taru a kansa. Ranar da kika ga ya gaji ko ransa ya ɓaci, ki ajiye littafin. Ki kira yayanki ba da faɗa ba, ki roƙe shi ya zo sau ɗaya, shi ya yi karatun da bakinsa, sannan ku yanke shawara tare.

Kada ki sa rai wannan zai dawo masa da sunanki. Wannan ciwo ba ya komawa baya, kwanaki irin waɗannan kuma ƙidayayyu ne. Ki tafi da alƙalami da takarda, ki rubuta abin da ya koya muku. Allah ya ba shi sauƙi, ya daidaita tsakaninki da ɗan'uwanki.

Anti Winifred